Yadda Ma'aikatun Bompai Da Sharada Suka Shiga Ɗakin Amarya

Ya ku 'yan makaranta, ko ba daɗe ko ba jima yawancinku za ku kai munzalin aure, a ran nan kuwa za ku ji wata kalma tana ta fitowa daga bakin gwaggo da inna da kaka, watau al'ada. Za a ce akwati kaza a ke kaiwa, al'ada ce. Za a ce gado iri kaza a ke yi wa yarinya, haka muka tarar. Yaro mai ladabi ba ya musu da manya, ba kuwa musu mu ke so mu koya muku ba. Amma ya kamata wanda ya yi karatu ya san shekarun kowane abu da a ke kira al'ada, gama waɗansu sun girmi ganuwar Kano, waɗansu kuwa ba su girmi bututun hayaƙin Bompai ba. Labarin da za mu ba ku ke nan a wannan mako.

Mu fara da abin da Shari'a ta sa, don shi ne ƙarami, shi ne kuma ba ya sākewa. A mazhabar Malikiyya, wadda mutanen ƙasar Hausa ke bi, aure yana ƙulluwa da waliyyi, da siga, da sadaki, da shaidu biyu adalai. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, rubu'in dinarin nan kuwa ya ɗara giram 1 na zinariya da kaɗan. Sadaki na yarinya ne ita kaɗai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya lasafta cinye sadakin mace da manyanta ke yi a cikin bidi'o'in da ya hana. Malaman fiƙihu sun ce amarya ta yi kayan ɗaki gwargwadon abin da ta karɓa na sadaki, abin da ya ƙaru bisa wannan kuwa alheri ne na iyaye da dangi. To, a cikin wannan ƙari ne dukan wahalar ta ke.

Kano tun dā garin sana'a ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta ke ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sa'ad da Dokta Barth, Bajamushen nan da a ke kira Abdulkarimu, ya sauka Kano cikin shekara ta 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su, ya ce a ƙalla sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da wuri 2,500 ke sayen liyari guda. Sabo da haka amaryar wancan zamani, kusan duk abin da ke jikinta da ɗakinta aikin hannun maƙwabtanta ne. Zanenta saƙi ne ko tsamiya ko bunu, in gidan masu hali ne a sa barage, ko baƙin zane mai ƙyalli na marinar Kura. Lefe kansa sunan wani kwando ne da a ke saƙawa da kaba, a ciki a ke zuba 'yan zannuwan nan da turare da kwalli a kai gidan yarinya, sunan kwandon ne ya bi kayan har yau. Jeren ɗaki kuwa ƙore ne da aka yi wa zāne, da akusa, da faifai, da tukwane, a ɗora wani bisa wani a jikin bango. Gidan sarauta da na manyan fatake su ne ke ƙarawa da tasoshin tagulla.

Kada ku ga kamar jeren nan ado ne kurum. Mace ba ta da gona sai kaɗan, ba ta zuwa fatauci, ɗakin da ta ke ciki ma na miji ne. Abin da ke jere a bangon nan shi ne dukiyarta, ba mai taɓa shi sai da izininta. In yunwa ta zo ta ba dillaliya tasa guda ta sayar, in aure ya mutu ta kwashe abinta ta tafi da shi, in ta aurar da 'ya ta rage daga nata ta ƙara mata. Wanda ya gane wannan ba zai yi wa tsofaffin mata dariya ba in ya ga sun tsananta a kan kayan ɗaki. Taskar 'yarsu su ke ginawa.

Turawa suka ci Kano cikin 1903. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sule da kwabo suka kori wuri sannu a hankali. Kantunan Turawa da na Kwara, watau mutanen Sham da Labanan da suka zauna a Fagge ta Kudu, inda Kantin Kwari ya ke yanzu, suka cika da atamfar Manchesta da ta Holan, da akwatunan ƙarfe, da fitilar ƙwai, da kwanonin samira na ƙasashen waje. Manomin da ya sayar da gyaɗa da kaka, yana da kuɗi a hannu da rani, lokacin bukukuwa. Nan lefe ya fara fita daga kwando ya koma fanteka da kwalla, daga baya ya koma fantimoti. Amma dai kayan nan na jirgi ne, suna da tsada, talaka yana sayen ɗaya ko biyu ne ya sa a saman jeren ƙorensa.

Abin da ya juya al'amarin sarai shi ne ranar da aka fara yin kayan a Kano kanta. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa injin ruwa da na lantarki a bakin kogin Challawa, su ne tushen kowace ma'aikata, gama inji ba ya tafiya sai da wuta da ruwa. Wajen 1950 attajiran birni, da Alhasan Ɗantata a cikinsu, suka haɗa jari suka kafa masaƙa ta inji a Gwammaja. Cikin shekarun 1950 aka shata filayen ma'aikatu a Bompai, arewa maso gabas da birni, kusa da hanyar jirgin da ta nufi Nguru. Da fari matsar man gyaɗa da jima da yin sabulu da turare da alewa su ne suka fi yawa. Sa'an nan wajen lokacin samun mulkin kai, cikin 1960, gwamnati ta ɗaga kuɗin fito a kan kayan da a ke shigowa da su, sai waɗansu mutanen Sin daga Hankon, waɗanda dā su ke aiko da samira ta jirgin ruwa, suka ga gara su kawo injinansu nan. Suka kafa a Ikko, suka kafa a Kano, har da kamfanin Northern Enamelware.

Bari mu ɗan tsaya mu gaya muku yadda a ke yin samira, don da yawa cikinku kun ci tuwo a cikinta ba ku san ko mece ce ba. Fallen ƙarfe ne marar kauri, inji ya danna shi ya fitar da siffar kwano. Sa'an nan a tsoma shi cikin wani ruwa mai kauri da aka dama da garin gilashi, a sa a tanderu mai zafin da ya kai digiri 800, gilashin ya narke ya lulluɓe ƙarfen. A bi da furanni ja da shuɗi da rawaya a sāke gasawa. Shi ya sa in kwanon ya faɗi ya kan ɓantare, baƙin ƙarfe ya bayyana, tsatsa ta kama. Ƙwarya sai an shuka duma an jira damina ta wuce, an fafe, gwani ya zauna ya yi mata zāne da wuƙa. Inji kuwa yana fitar da ɗaruruwa kafin azahar.

Mai lissafi zai ce, to, tun da kwano ya yi araha, ai aurar da 'ya ya yi sauƙi. Ina! Akasin haka aka samu, wannan kuwa shi ne abin mamaki a cikin tarihin nan. Da kwano ya zama kowa na iya saye, sai guda ɗaya ya daina nuna kome, aka koma ƙidaya. Uwar da aka yi wa jere da ƙore 10 da tasa guda, ita ce ta ga ba ta fita kunya ba sai ta yi wa 'yarta samira dozin-dozin, saiti bisa saiti, daga ƙasa har rufin ɗaki, yawancinsu kuwa ba za a taɓa zuba miya a ciki ba. Matan dangin ango su zo ganin ɗaki, su ƙirga da ido, su koma gida su ba da labari. Abin da aka yi wa 'yar maƙwabta bara shi ne ma'aunin bana.

Aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, Audu Baƙo ya yi gwamna har 1975, kuɗin man fetur ya shigo. Bompai ta cika, aka buɗe Sharada a kudu da birni kashi-kashi, aka buɗe Challawa can wajen Panshekara cikin shekarun 1970. Masaƙu suka yawaita, Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa ta Bagauda, daga baya Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya. Aka yi ma'aikatun roba da na katifar soso da na gadon ƙarfe da na takalma, ana harhaɗa keken Raleigh, ana niƙa fulawa a Bompai, ana ɗura lemon kwalba a Challawa. Ku duba jerin nan da kyau, za ku ga kamar takardar sayayyar biki ce. Gadon kara da tabarma suka ba gado mai rumfa da katifa wuri. Gara, watau abincin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango bayan tarewa, dā alkaki ne da nakiya da man shanu da 'yar shinkafa, sai ta koma buhun fulawa da na sukari da garwar mai da katan na taliya. Kayan sa rana, dā goro ne da dabino, aka ƙara da fakitin alewa da biskit. Naira ta maye gurbin fam cikin 1973, a farkon 1975 kuma aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya a dunƙule, na kamfanoni su ma suka tashi neman nasu. Kuɗin nan da yawa a kan aure suka ƙare, farashin da ya hau a shekarar bai sāke sauka ba.

Yanzu mu duba mutumin da ke tsaye gaban injin. Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin Bompai a farkon shekarun 1970, ya tarar da yawansu mutanen ƙauye ne, da yawa kuma almajirai ne da suka zo birni neman karatu ko cin rani, burin mafi yawansu su tara jari su koma kasuwanci. Suna haya a Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata. Irin wannan saurayi in ya tashi aure yana tsakanin wuta biyu. A ƙauye an ji yana ɗaukar albashi kowane wata, an ɗauka ya yi arziki, ba wanda zai yarda ya kawo lefen manomi. A birni kuwa baƙo ne, ba a san asalinsa ba, in ya nemi 'yar gari sai an bincika. Kwanon da ya yini yana gasawa, da atamfar da ya kwana yana bugawa, sai ya shiga adashi wata da watanni kafin ya iya sayensu.

Ga kuma sha'anin ladabi, wanda inji bai sauƙaƙa masa ko kaɗan ba. A ƙasar Hausa saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Ko ya daidaita da yarinya a zance, sai ya gaya wa wani babba, babban ya gaya wa mahaifinsa. Mahaifin ma ba ya zuwa, sai ya tura ƙannensa ko yayyensa, watau baffannin yaro, da aminansa. Can gidan yarinya ubanta ba zai amsa ba, zai ce yarinya tana da iyaye, a je wurin wane, yana nufin wansa ko ƙanensa wanda ya ba waliccinta. In 'yar fari ce ma, uwa da uba su kan janye jiki ƙwarai, kamar ba a gidansu a ke yi ba, don kunya. Waɗansu 'yan boko suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Mu dai muna ganin hikima ce babba. Maganar kuɗi tana da kaifi, in surukai biyu suka yi ta baki da baki aka sami saɓani, tabon ba ya warkewa. Amma in baffa ya yi ciniki da baffa, ko an ɗaga murya, gobe uba da uba su gaisa lafiya kamar ba su san an yi ba. Haka kuma lefe, mata ne ke kai shi, gwaggwanni da yayye da matan 'yan'uwa, uwar ango ba ta zuwa, uwar amarya ba ta fitowa ta buɗe. In akwai gyara, ta bakin wata gwaggo zai biyo, a lulluɓe da wasa. A ba masu kawowa tukwici su koma da fara'a.

To, leburan da baffanninsa ke can ƙasar Gumel ko Damagaram, wa zai tura? A nan mutanen unguwannin ma'aikata suka yi dabara mai kyau. Malamin da ya karantar da shi, ko mai gidan da ya ke haya, ko wani dattijo ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, ko ma helumansa a wurin aiki, shi ke zama uba, ya ɗauki goro ya je ya yi gaisuwa, ya tsaya wakili ran ɗaurin aure. Ba a yar da ƙa'idar ba, an sami wanda zai riƙe ta ne. Sauran abubuwa kuwa dole suka bi agogon kamfani. Bikin budurwa da a kan yi kwana 7 ana sha'ani, kamu da sa lalle da zaman lalle da wankan amarya, ya taƙaita zuwa kwana 2 ko 3, gama manaja ba ya ba da hutun mako don an kama amarya. Ɗaurin aure ya taru a Jumma'a da Asabar da Lahadi. Katin gayyata ya tsaya inda dā a ke raba goro gida-gida. Zaman tare da mutanen Kudu a Sabon Gari da wurin aiki ya kawo anko, watau dangi da ƙawaye su ɗinka zane iri ɗaya, abin da masaƙa ta ji daɗinsa ƙwarai, don ita kaɗai ke iya fitar da turmi 100 masu zāne ɗaya.

Akwai wanda ya biya kuɗin jeren nan da ba a cika ambatonsa ba, ku kuwa 'yan makaranta ya fi shafa. Uwa tana cikin kulle, sana'arta a cikin gida ta ke, ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko dafa-duka, 'yarta ce ke ɗauka ta kai talla, ƙofar ma'aikata kuwa lokacin tashin leburori kasuwa ce babba. Ribar nan a ke tarawa a sayi samira ɗaya-ɗaya a ɓoye ƙarƙashin gado tun yarinya tana shekara 7 ko 8. Wata masaniya, Enid Schildkrout, ta bincika wannan a unguwannin birnin Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda tallan yarinya ke haɗe da kayan ɗakinta. Da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa cikin 1976, iyaye mata da yawa suka ƙi sakin 'ya'yansu mata. Jahilci a kan ce, amma lissafi ne: in ta tafi makaranta wa zai yi talla, in ba talla da me za a yi jere, in ba jere ina za a sa fuska ran ganin ɗaki? Mu malamai mun san kujerun da suka zauna wofi sabo da wannan lissafi. A ganinmu a nan ne al'ada ta ci amanar kanta, gama jeren da aka ƙago don ya zama taskar yarinya, shi ne ya hana ta taskar da ba ta tsatsa.

Sai zamani ya sāke juyawa. Cikin 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da sinadarai suka yi tsada, wutar lantarki ta yi ƙaranci. Daga ƙarshen shekarun 1990 atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari. Masaƙun Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka koma acaba da ƙananan sana'o'i, filayen waɗansu ma'aikatu a Bompai da Sharada suka zama ɗakunan ajiyar kayan da a ke shigowa da su. Waɗansu dai suna nan suna aiki, musamman na roba da na jima da na abinci. Samira ta tsufa, tangaran da kuloli da kabet mai gilashi suka hau, bayansu kujerun falo da firji da injin wanki. Fantimoti guda ya zama saitin akwatuna. Albashin da ya ɗaga ma'aunin ya tafi, ma'aunin ya zauna inda ya ke, har ya ƙara gaba. Samari suka daɗe ba su yi aure ba, iyayen 'yan mata suka shiga sayar da fili da cin bashi, a kan sa rana a ɗaga sau biyu sau uku don kafinta bai gama ba, ko kuwa an gama ba a biya ba.

Har abin ya kai hukuma ta sa hannu. Cikin 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa, kashin farko mata 100, gwamnati ta biya sadaki ta yi kayan ɗaki. Cikin watan Oktoba na 2023 aka aurar da mata 1,800 a rana ɗaya, aka ba kowace sadaki naira 50,000, da gado da katifa da kayan abinci da ɗan jari. Gado da katifa, abin da kakar kakarsu ba ta taɓa kwana a kai ba, sun zama abin da ko gwamnati ba ta iya kai amarya ɗaki sai da su. A masallatan da aka ɗaura auren kuwa, ango bai yi magana ba, amarya ba ta yi ba. Wakili ya nema, waliyyi ya bayar, aka faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a aka shafa.